Sallama a Kan Babur

Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu aka saka mahaifina cikin wani ƙaramin kwamitin sulhu. Aikinsu shi ne su kashe rigima tun ba ta kai gaban alƙali ba: iyakar gona, rabon gado, auren da ya fara tangal-tangal, da abin da ya fi yawa, ɓarnar shanu a gonakin bakin burtali. Ƙauyukan da aka ba shi suna kan hanyar Daura zuwa Mai'adua, wasu a bakin kwalta, wasu sai an ratse. Aka haɗa masa da babur, irin na China ɗin nan da ake kira roba-roba. Ya haura sittin a lokacin, kuma tun tasowata da keke na san shi.

Ni ina Katsina, ina aiki a gidan rediyo. Cikin shirye-shiryen da nake gabatarwa akwai na mako-mako kan kiyaye haɗurra, inda nake zama da jami'an hanya da shugabannin direbobi muna maganar gudu da lodi da tayar da ta suɗe. Saboda shirin nan ne mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ga cewa ni ya kamata in ɗauki maganar. Na zo gida wata Juma'a, ta bari na gama cin abinci, sannan ta ce ko dai in raba Malam da babur ɗin nan, ko in gyara masa hawansa, don ita ba ta shirya shiga takaba ba. Na tambaye ta ko gudu yake yi. Ta ce ina ma gudu ne. Gaisuwa ce.

Ban fahimce ta ba sai washegari, da na ce masa zan raka shi ƙauye in sha iska. Ya naɗa rawaninsa, ya tattare babbar riga ya cusa a gabansa yadda wani ya koya masa, na hau baya.

Ga wanda bai taɓa riƙe babur ba, ga yadda abin yake. Hannun dama ke murɗa totur, shi ke kama birkin gaba. A irin na Baba, da ba shi da kuloci, hannun hagu ba shi da aiki sai riƙe kai da danna hon da sigina. Idan mutum ya saki totur, injin da kansa yake ja da baya, gudu ya ragu nan take, amma jar fitilar baya ba ta kamawa, don ba a taɓa birki ba. Wanda ke binka ba shi da abin da zai sanar da shi ka rage gudu. Sai dai kawai ya ga ya cim maka.

Baba kuwa ba ya wuce mutum bai yi masa sallama ba, kuma sallamarsa da hannu take tafiya. A kan keke wannan bai taɓa zama matsala ba. Ya ɗaga dama, keke na ci gaba da gangarawa, in ma ya karkace sai ya sa ƙafa a ƙasa. Hannun nan ne ya ɗauko ya kawo kan babur yadda yake.

Tun daga bakin layinmu aka fara. Mai shayi da mutanen da ke kan bencinsa, tela, ladanin unguwa, masu faci na bakin tasha. Duk wanda ya hango rawanin sai ya ce Allah gafarta Malam. Hannun ya tashi har saitin kunne, tafin a buɗe, kuma ba ya sauka sai an gama amsawa. Kai ya bi hannun, babur ya bi kan. Ƙarar injin ta faɗi kamar an shaƙe shi, mu karkata wajen wanda ake gaisarwa, sannan hannun ya dawo ya murɗa totur fiye da kima, babur ya zabura, goshina ya bugi bayan rawani. A cikin gari abin da sauƙi. Kowa a hankali yake tafiya, kuma 'yan acaɓa sun riga sun san shi, suna ba shi fili kamar yadda suke ba amalanken shanu.

Da muka fita gari lissafin ya sauya. Damina ce, mutane suna gonakin bakin hanya, kuma manomi in ya hango malamin da ya raba musu gado ko ya maido masa da matarsa, dole ya ɗago daga kan fartanya ya ɗaga hannu. Motocin hayar hanyar kuma ba sa barin tazara. Direba yakan manne wa na gabansa yana jiran sararin wucewa. Wajen wata kwana wata bas ta biyo mu a haka. Baba ya saki totur don wasu masu noma, na ji kukan taya a bayana, na waiwaya na ga gilashin motar ya cika mini ido. Direban ya zagaye mu, ya leƙo da kai bakinsa cike da zagi. Da ya ga rawani da furfura sai ya haɗiye, ya ce Allah gafarta Malam. Baba ya ɗaga masa hannu.

Bayan la'asar na same shi a zaure tare da Baffa, ɗan kawunsa, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, wanda gidansa ke bakin titi a hanyar fita gari. Taubasai ne, Baffa ɗan namiji, Baba ɗan mace, saboda haka tun suna yara Baffa ke kiransa bawansa, kuma shi kaɗai ne a garin zai yaɓa wa Baba magana a gaban mutane a yi dariya. Na ji daɗin samunsa. Ɗa ba ya gyara wa uba kai tsaye, amma yana iya yi wa baffansa bayani uban na sauraro. Na juya wajen Baffa na yi masa bayanin totur da fitilar birki daki-daki, kamar yadda nake yi a shiri. Ya bari na gama, ya dubi Baba.

"Ka ji ko, bawana? Yaron da ake jin muryarsa har Damagaram ya ce hannunka ya fi bakinka surutu."

Baba ya ce ya ji. Amma sunna ce na kan abin hawa ya fara yi wa na ƙasa sallama, amsa ta kuma wajibi ce, ba shi ya tsara haka ba. Na ce, har yanzu ina duban Baffa, ai baki ya wadatar. Baba ya ce iska da ƙarar inji suna tafiya da murya, wanda ke tsakiyar gona ba zai ji ba, sallamar da ba ta isa kunne ba kuwa ba ta isa ba. Na kawo maganar hon.

"Hon na jaki ne da akuya," in ji Baba. "Dattijo yana tsaye a gonarsa in yi masa ɗit in wuce?"

Abin da ya rage shi ne hannun hagu, wanda yake zaune ba aiki. Na faɗa da sanin abin da zai biyo baya. Baba ya dube ni kawai. Baffa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shi da yake dillali, rabin cinikinsa rantsuwa ce, bai taɓa ɗaga wa ɗan Musulmi hagu ba, balle malami mai rawani. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Baba zai riƙe babur da hannu biyu, ya yi sallama da baki, ya ɗan sunkuyar da kai. Ya ce zai gwada, saboda innarmu.

Ya gwada da gaske. Yadda gwajin ya ƙare na ji shi a zuwana na gaba. Shanun wani ardo sun shiga gonar gero a wani ƙauye da ake ratsewa daga kwalta, aka sa ranar zama. Ardon da mutanensa suka fito daga ruga suka jira Baba a ƙarƙashin wata tsamiya a mararrabar, don su gaisa su shiga ƙauyen tare. Baba ya iso da babbar mota a bayansa. Ya sunkuyar da kai, ya yi sallama iska ta tafi da ita, ya karya kwana ya wuce hannuwansa biyu a kan babur. Bai tsaya ba sai ƙofar gidan mai unguwa. A nan mai gonar ke zaune, Baba ya sauka ya ba shi hannu. Ardon bai zo zaman ba. Ya aiko cewa ai an riga an yanke hukunci tun a bakin hanya. Maganar ta tafi kotu, matan ruga suka daina kawo nono ƙauyen, mutanen ƙauyen suka ce bana ba za su bar shanu su ci karan gonakinsu ba. Sai da Baba ya yi ta sintiri zuwa rugar kafin ardon ya yarda ya zauna da shi a tabarma ɗaya. A cikin gari kuma aka fara cewa tun da Malam ya hau babur ɗin gwamnati hannunsa ya yi nauyi.

Ya koma ɗaga hannu. Da na yi masa magana ya ce mutum biyu da ke rigima ba takardar kwamiti ce ke zaunar da su a gabansa ba. Suna zama ne don kowannensu ya yarda ba a raina shi ba, kuma a bakin hanya ake fara yardar. Yana da gaskiya a kan aikinsa, ina da gaskiya a kan hanya, kuma gaskiyarsa ba ta rage tazarar da bas mai lodi ke buƙata kafin ta tsaya ba. Inna ta daina yi mini maganar. Ta koma tsayawa a bakin soro duk sanda zai fita, tana bin babur da ido har ya karya kwanar layi.

Haɗarin ya faru da kaka, ranar kasuwar Mai'adua. Ba na nan. Abin da zan faɗa na haɗa shi ne daga bakin Baffa, da direban bas ɗin, da wani mai sayar da fetur a kwalba da abin ya faru a gabansa, kuma inda suka saɓa na bar shi. Babur ɗin Baffa na wajen gyara, saboda haka ya tare Baba a ƙofar gidansa ya hau baya. Hanya ta cika kamar yadda takan cika ranar kasuwa, manyan motocin shanu, amalanke, bas-bas, masu kora tumaki a gefe. Wasu magidanta suna loda dammunan gero a amalanke a hannun dama, suka hango shi suka gaishe shi. Ya saki totur ya ɗaga hannu. Bas na manne da su. Direban ya yi hagu, ya ga motar shanu ta taso, ya dawo, gefen gaban motar ya ɗauki bayan babur. Baba ya faɗa kan rairayin gefen titi, ya kuje a gwiwar hannu, riga ta yage. Baffa ya faɗi kan kwalta, cinyarsa ta karye.

Dukansu sun yarda a kan abin da ya biyo baya. Jama'a sun kewaye direban, wasu har sun ci kwalarsa, ana cewa ya kaɗe Malam. Baba yana zaune a ƙasa, rawani a warware, ya ce a sake shi. A wajen 'yan sanda ma ya ce gaskiya ne direban ya matso da yawa, amma shi ne ya yanke gudu ba tare da wata alama ba. Aka rubuta, aka sallami kowa.

An kai Baffa asibiti aka yi hoton ƙafar, daga nan 'ya'yansa suka ɗauke shi suka kai wa mai ɗori, kamar yadda aka saba. Ya kwanta a ɗakinsa na soro har aka gama shigar da amfanin gona. Masu dubiya suna shiga suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Baba yakan je kullum bayan ya tashi karatun safe, ya zauna a gefen katifa. Na tarar da su haka wata Asabar.

"Bawa ya kayar da ubangijinsa," in ji Baffa. "Da a da ne sayar da kai zan yi. To wa zai saya? Ko ni da nake iya sayar da saniya mai ido ɗaya ba zan samo maka mai tayi ba."

A da Baba yakan rama. Ranar ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya gyara masa matashin da ke ƙarƙashin ƙafar. Bayan ya fita Baffa ya rage murya ya ce mini kasuwa ba ta jiran kowa. Dillalin da ba a gani mantawa ake yi da shi, kuma mutanensa da ke kawo shanu daga Nijar sun riga sun koma hannun wasu. Ya ce kada in faɗa wa bawansa, abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Ranar da aka dawo da babur daga wajen bakanike, yayana ya turo shi ya jingine a soron ciki, Inna ta zare makullin ta shige ɗaki. Baba bai tambaya ba. Da ya so, bakanike zai sauya masa mazaunin makulli kafin azahar, kuma ba wanda zai ce don me. Bai yi ba. Ya koma shiga motar haya, ya sauka a mararraba ya ƙarasa da ƙafa. Wasu ƙauyukan tafiya ce mai nisa daga kwalta, cikin rairayi, ga shekaru. Yakan dawo wajen magariba ƙafafunsa a kumbure, Inna ta dafa masa ruwa ta aje ba tare da ta ɗago kai ba. A kwamiti aka fara maganar ko za a karɓi ƙauyukansa a ba wani malami mai ƙarancin shekaru, tunda babur na aiki ne ba na ajiya ba. In makullin ya ci gaba da zama a ɗakin Inna aikin zai tafi. In ya fito, ita ta riga ta ga abin da ke iya faruwa.

Sai daga baya na ji abin da yake yi a tafiye-tafiyen nan na ƙafa, ban da sulhu. Duk ƙauyen da azahar ta same shi, in an sallame salla sai ya miƙe ya ce a ɗan dakata. Wani limami da ya ji shi ya maimaita mini kalmominsa, kuma na tambayi Baba ya ce haka ne.

"Jama'a, kun san akwai waɗanda ba a yi wa sallama: mai salla, mai kiran salla, wanda ya kewaya. Ban ga mai babur a littafi ba, don sanda aka rubuta babu babur. Wannan fahimtata ce, in na yi kuskure nawa ne. Wanda hannunsa ke riƙe da ransa da na wani, a bar shi ya riƙe. In Allah ya sa na koma kan babur, hannuna ba zai tashi ba, kada wani ya ce girman kai ne. Mai magana ya tsayar da ni. Zan sauka daga titi in tsaya, mu gaisa kamar mutane."

Ya faɗa a masallacin unguwarmu, ya faɗa a bencin mai shayi, ya taka har rugar ardon nan ya faɗa. Ardon ya ce shi ai bai san ƙarfen sai an riƙe masa wuya ba, ya ɗauka kamar jaki ne, in ya san hanya sai ya tafi da kansa. Ya ce da an gaya masa haka tun farko da ba a je kotu ba.

Bayan Baffa ya fara takawa da sanda Baba ya aika a kira ni daga Katsina. Na same shi a zaure shi kaɗai.

"Ka ce wa innarku ta ara mini makullin na yini guda," in ji shi. "Ka hau baya. In mun dawo ka faɗa mata abin da ka gani, kada ka ƙara, kada ka rage. Ai aikinka ke nan."

Na kai wa Inna saƙon. Ta tashi ta ɗauko makullin daga ƙasan kwanonin jerenta, ni ta miƙa wa. Ta ce in ni ma na karya cinya ba ruwanta.

Mun fita da hantsi, ba ranar kasuwa ba. A bakin layi mai shayi ya fara ɗaga hannu, ya tuna, ya mayar da shi kan ƙirjinsa yana dariya. Tela ya gaishe shi kamar kullum, Baba ya sunkuyar da kai ya amsa da baki. Ƙarar injin ba ta sauya ba. Ina kallon hannun daman ta gefen kafaɗarsa. Ya damƙe totur har jijiyoyin bayan hannun sun tashi.

Baffa na zaune a kan benci a ƙofar gidansa, ƙafar a miƙe, sanda a jingine. Ya hango mu tun daga nesa ya ɗaga hannu biyu ya rangaɗa sallama yadda duk layin zai ji. Baba ya dubi madubi, ya sa sigina, ya taka birki, ya sauka daga kwalta, ya tsaya, ya sa ƙafa biyu a ƙasa, sannan ya saki totur ya miƙa masa hannu. Ya tambaye shi ko akwai magana.

"Babu. Bawana nake gwadawa. Wuce."

"Allah ya shirye ka," in ji Baba.

"Ya shirya mai karya mutane tukuna."

Haka tafiyar ta kasance. Wasu suka bar shi ya wuce, wasu suka gaishe shi ya amsa da kai, wasu kuma suka tsayar da shi, kuma ba duka ne masu magana ba. Akwai tsofaffin da suka ji an ce Malam yana tsayawa, suka ga ba dalilin da zai tsaya wa wani bai tsaya musu ba. Kowace tsayawa iri ɗaya yake yinta: madubi, sigina, birki, gefen titi, ƙafa a ƙasa. Gaisuwar tsaye kuma ba irin ta wucewa ba ce, sai an tambayi iyali da gajiya da labarin mai jiki. Wajen komawa kan kwalta yakan waiwaya ya jira har hanya ta yi fili, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a da. Ƙauyen ƙarshe, da yakan isa rana ba ta yi zafi ba, mun same su sun idar da azahar. Ɗaya daga cikin masu rigimar ya gaji da jira ya tafi, aka ɗaga zaman.

A hanyar dawowa, kusa da gari, 'yan matan wata Islamiyya sun taso, suna tafe a jere a gefen titi cikin hijabai iri ɗaya. Suka haɗa baki suka yi masa sallama, irin mai tsawon nan da ake koya musu. Hannun ya bar totur. Bai kai kafaɗa ba, ya tashi kamar taƙi guda, injin ya yi ƙasa, babur ya ja da baya, ƙirjina ya taɓa bayansa. Ya mayar da hannun. Na waiwaya, babu kowa a bayanmu har iyakar gani. Muka ci gaba da tafiya.

Da muka shiga gida ya kashe babur a soron ciki, ya zare makullin ya ba ni, ya koma zaure. Zaurenmu da tsakar gida katanga ɗaya ce tsakaninsu, ana jin tari. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. Na aje makullin a gefen faifanta na ba ta labarin tun daga bakin layi, a jere, har da Baffa, har da mutumin da ya gaji ya tafi. Na faɗi maganar 'yan Islamiyya yadda ta faru.

Ta tambaya, "Da akwai mota a baya fa?"

Na ce ya danganta da tazarar da ta bari. In irin ta direbobin hanyar ce, da ta same mu.

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ta tambaya ko ya gane hannun ya tashi, ko kuwa ni kaɗai na gani. Na ce ya gane, shi ya mayar da shi da kansa kafin a gama sallamar. Ta tambayi ƙafafunsa, ko ya yi ɗingishi da ya sauka. Na ce a'a. Ta gama da faifan, ta karkaɗe zaninta, ta ɗauki makullin ta nufi zaure. Ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta sunkuya ta aje shi a gefen buzunsa.

"Malam, ban da ranar kasuwa. Kuma ban da goyo."

Baba ya ci gaba da duba littafin da ke gabansa.

Aikin bai dawo masa duka ba. Saboda yawan tsayawa ba ya isa ƙauyukan nesa a kan lokaci, kwamiti ya karɓe su ya ba wani, ya bar masa na kusa. Bai yi jayayya ba. Ya ci gaba da hawan babur ɗin har sanda idonsa ya fara yana, kuma bai sake ɗaukar kowa a baya ba, har ni. Yana da ƙusa a bangon zaure inda yake rataye makullin. Duk jajiberin kasuwar Mai'adua, in ya tafi masallaci da la'asar, Inna takan fito ta cire shi. Washegari da safe sai ya naɗa rawani ya taka zuwa tasha ya shiga mota, in akwai wuri ya zauna a bakin taga. Kashegarin kasuwa makullin yana kan ƙusa. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi maganar ba.